Kes ko ɗakin kwamfuta? Zaɓin da ke gaban malamin MIS a ajin MBA

Malamin da aka miƙa wa kwas ɗin MIS a ajin MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, tun ranar farko zai gane cewa ba yara ne a gabansa ba. A layin gaba ga manajan reshen banki, bayansa akantan wata ma'aikatar jiha, can gefe likita mai asibitin kanta, sai wani da ya gaji shagunan mahaifinsa a Kantin Kwari yana neman mayar da su kamfani. Wasu sun girme shi. Yawancinsu sun yi aikin kwana 5 kafin su zo su zauna masa ranar Asabar, wayoyinsu kuma ba su daina ƙara ba. Abin da ke hannunsa bai wuce mako 13 ko 14 ba, kowane mako awa 2 ko 3. A cikin wannan ɗan lokaci ake so ya koya musu yadda kamfani ke tattara bayanai, ya adana su, ya sarrafa su har su zama abin da shugaba zai dogara da shi ya yanke shawara. Ma'anar MIS ke nan a taƙaice.

Hanyoyi biyu ne ake ja-in-ja a kansu. Ta farko ita ce nazarin kes: a ba ɗalibai rubutaccen labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, su karanta a gida, su zo aji a yi ta muhawara kan abin da ya kamata shugabansa ya yi. Ta biyu ita ce aikin hannu: a zaunar da su gaban kwamfuta su taɓa manhajar da kansu, su shigar da oda, su ciro rahoto, su ga inda lissafi ke karkacewa. Akwai ta uku, wadda a gaskiya ta fi yawa a makarantunmu, wato malami ya tsaya yana karanto rabe-raben tsare-tsaren bayanai daga allo, ɗalibai su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta kafin sakamako ya fito. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Amfaninta ɗaya ne, ba ta buƙatar wuta.

Rigimar tana da asali. Fannin MIS ba a sashen kimiyyar kwamfuta aka haife shi ba, a makarantar kasuwanci ne. Jami'ar Minnesota ta Amurka na cikin na farko da suka buɗe shirin digiri a kansa a 1968, Gordon Davis na cikin jagororin, kuma daga can mujallar MIS Quarterly ta fara fitowa a 1977. Tun daga lokacin ƙafarsa ɗaya na ofishin manaja, ɗaya na ɗakin injina, kowane malami kuma yana jan bargon zuwa ɓangaren da ya fito. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta yana ganin kes surutu ne kawai. Wanda ya karanta gudanarwa yana ganin ɗakin kwamfuta aikin akawu ne. Kowannensu kuwa akan samu yana kare abin da ya iya ne, ba abin da ɗalibin ke buƙata ba.

Makarantar Kasuwanci ta Harvard ce ta yi wa kes suna. Ta aro dabarar daga makarantar lauyoyi ta jami'ar, inda tun 1870 ake koyar da doka ta hanyar bin shari'o'in da aka yanke. Kes ɗinta na farko, na wani kamfanin takalma, an rubuta shi a 1921 kuma shafi ɗaya ne tak. Yau ɗalibin MBA a can yana karanta kes kusan 500 a shekara 2, a aji mai mutum kusan 90, kuma kusan rabin makinsa daga bakinsa yake fitowa, wato abin da ya faɗa a muhawara. A Najeriya, Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda ta fara a 1991, ita ce aka fi sani da wannan salo.

Ga abin da kes ke iya yi wanda na'ura ba za ta yi ba. Ɗauki labarin Hershey, kamfanin cakulan na Amurka. Ya kashe kusan dala miliyan 112 wajen kafa sabon tsari da ya haɗa manhajar tafiyar da harkokin kamfani ta SAP da wasu guda biyu, Siebel da Manugistics. Aikin da aka ba shi shawarar ya yi a shekara 4, ya matse shi zuwa wata 30, sannan ya kunna komai a lokaci guda a watan Yulin 1999, daidai lokacin da odar kakar ciniki mafi girma ke shigowa. Kaya na cike a sito, amma tsarin ya kasa fitar da su. Oda ta kusan dala miliyan 100 ta tsaya. Idan ka ajiye wannan labari a gaban aji ka ce, "Alhaji, kai ne shugaban kamfanin a watan Yuni, 'yan kwangila sun ce a kunna, me za ka ce musu?" nan take manajan banki zai tuna ranar da bankinsu ya sauya manhaja a ƙarshen mako, Litinin ta zo layi ya kai bakin titi. Akanta zai kawo nasa. Kafin awa ta cika ajin da kansa ya gano cewa manhajar ba ta da laifi sosai. Waɗanda suka tsara lokaci, suka rage gwaji, suka taƙaita horar da ma'aikata, su ne suka jawo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hikimar kes ke nan gaba ɗayanta.

Akwai kuma darussan da ba su da wata hanyar shiga sai ta labari. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta kafa manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da babu giɓi. Maimakon a tuhumi na'ura, sai aka tuhumi mutane: daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa sama da 900, wasu aka ɗaure, wasu suka rasa gidajensu. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Babu wani aikin ɗakin kwamfuta da zai koya wa mutum nauyin kalmar "ai kwamfuta ce ta nuna". Mutumin da gobe zai zauna a kwamitin ladabtarwa, a kawo masa kashiya da rahoton na'ura a matsayin shaida, ya kamata a ce ya taɓa kwana da wannan labari.

Wanda na fi jin daɗin koyarwa shi ne na Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya. A watan Yunin 2017 muguwar manhajar nan NotPetya ta shafe masa kwamfutoci a faɗin duniya cikin ɗan lokaci. Shugaban hukumar kamfanin ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake girka manyan kwamfutocin ajiya 4,000 da na tebur 45,000 a kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ke sa aji dariya shi ne, kamar yadda rahotanni suka nuna, kwafi ɗaya na rajistar da ke riƙe da sunaye da izinin shiga na duk ma'aikata ya tsira ne a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Bayan dariyar sai tambaya: ku a wurin aikinku, ina kwafinku yake, kuma yaushe rabon da wani ya gwada dawo da shi? Shirun da ke biyo baya ya fi lacca guda amfani.

To amma kes yana da sharuɗɗa, kuma masu tallarsa ba sa son faɗar su. Na farko, sai an karanta. Kes mai shafi 15 ko 20 da jadawalai a bayansa, mutumin da ya baro ofis ƙarfe 7 na daren Juma'a ba lallai ya buɗe shi ba. In kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka karanta, muhawarar ta zama hira tsakanin malami da mutum 6, sauran suna kallon waya. Na biyu, girman aji. Harvard na iya riƙe mutum 90 saboda ɗakin an gina shi kamar kofaton doki, kowa na ganin kowa, kowa da sunansa a gabansa, malamin kuma wannan ce sana'arsa. Ɗakin lacca mai dogayen benci da mutum 150, wanda na baya ba ya jin na gaba, ba wurin kes ba ne.

Na uku ya fi shafar mu. Kes yana so ƙarami ya ce wa babba "ban yarda ba" a bainar jama'a. A ajin da darakta ke zaune da ma'aikacin da ke ƙarƙashinsa, ko dattijo da sa'ar ɗansa, wannan ba ya zuwa da sauƙi, kuma ba aibu ba ne, tarbiyya ce. Na taɓa ganin aji ya yi tsit bayan wani babban jami'i ya faɗi ra'ayinsa, alhali rabin ɗakin sun san lissafinsa bai fita ba. Matan ajin, waɗanda sau da yawa su ne suka fi karanta kes ɗin, sukan bari sai an tashi su zo su faɗa wa malami abin da ya kamata duk aji ya ji. Maganin da na samu shi ne rabon matsayi: ke ce shugabar sashen kuɗi, kai ne ɗan kwangila, Ranka ya daɗe kai ne ma'ajin sito. In mutum yana magana da bakin wani, kunya takan ragu. Amma wannan shiri ne da ke cin lokacin malami, kuma wanda bai taɓa jagorantar muhawara ba zai ga cewa ta fi lacca wuya nesa ba kusa ba. Dole ya san inda yake so a sauka, ba tare da ya ja su da igiya ba.

Sai kuɗi da nisa. Kes na Harvard da makamantansa ana biyan 'yan daloli ne a kan kowane ɗalibi, kowane kes. Lissafa kes 10, ɗalibai 60, a canjin yau. Akwai na kyauta, makarantar kasuwanci ta Sloan da ke jami'ar MIT ta Amurka tana sakin wasu, kuma manyan labarai irin na Horizon da Maersk malami na iya haɗa su daga rahotannin da aka buga. Nisan kuwa shi ne ɗalibi ya ce, "Malam, wannan ai Amurka ce." Yana da gaskiya rabi. Muna da namu labaran da suka isa kes: lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015 ta manhajar Remita, kuɗin eNaira na Oktoban 2021 da jama'a ba su rungume shi ba, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, mai shayi da mai nama suka koma OPay da Moniepoint. Ga kuma IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya wanda aka fara a 2007, ƙungiyar ASUU ta ƙi shi ta kawo nata mai suna UTAS, har gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa a ƙarshen 2023. Wannan na ƙarshe kes ne mai kyau ƙwarai, sai dai mu malaman jami'a da wuya mu jagorance shi ba tare da muryarmu ta ɗaga ba. Matsalar labaran gida ita ce rashin lambobin ciki. Kes na gaske yana buƙatar kasafi, da takardun taro, da abin da aka faɗa wa shugaba kafin ya sa hannu, kamfanoninmu kuwa ba su saba buɗe wa malami littattafansu ba.

Aibin kes mafi girma dai shi ne yana iya yaye mutum mai iya magana a kan abin da bai taɓa gani ba. Zai ce "a haɗe bayanai wuri ɗaya" da murya mai daɗi, amma in ka tambaye shi me ke faruwa idan abokin ciniki ɗaya yana rajista sau 3, a matsayin Muhammad da Mohammed da Muh'd, sai ya tsaya. Irin wannan manaja shi ne abincin 'yan kwangila.

A nan ne aikin hannu ke shigowa, kuma gani ya kori ji. Ba ana nufin a mayar da manaja mai rubuta manhaja ba. Abubuwa uku ne galibi. Akwai Excel na gaske, ba na jera sunaye ba: a ba mutum layi 20,000 na cinikin shekara, ya ciro wane kaya ne ke kawo riba a wane wata. Akwai rumbun bayanai da harshen tambayarsa, SQL, wanda tushensa ke komawa ga aikin Edgar Codd na kamfanin IBM a 1970, kuma har yau shi ne ke ƙarƙashin kusan kowane banki. Sai manhajar ERP, wadda ke ɗinke saye da sito da sayarwa da lissafi a wuri guda. Ɗalibin da ya shigar da odar saye da hannunsa, ya karɓi kayan a sito, ya ga bashin mai kawo kaya ya bayyana a littafin akanta ba tare da kowa ya sake rubutawa ba, ya fahimci abin da Hershey ya saya da dalilin da ya sa kuskure ɗaya ke bin kamfani gaba ɗaya.

Misalin da nake bayarwa kafin mu buɗe Excel shi ne na hukumar lafiyar jama'a ta Ingila a lokacin korona. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon gwaji 15,841 na masu ɗauke da cutar ya ɓace daga rahoto, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube ba tare da ƙara ba. Wanda ya taɓa ganin fayil ya yanke masa bayanai a gabansa ba zai sake karɓar rahoto ba tare da ya tambayi layi nawa aka shigar, nawa suka fito ba.

Mafi armashi a wannan ɓangare shi ne wasan ERPsim da makarantar HEC ta Montreal a Kanada ta ƙirƙiro. Ana raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace na tafiyar da kamfani a kan manhajar SAP ta gaske, ranar kasuwa guda na wucewa cikin kusan minti ɗaya, suna sa farashi, suna odar kaya, suna gasa da juna. Mutanen da ke hamma a lacca za ka ga sun miƙe tsaye suna yi wa juna ihu a kan sito ya ƙare. Amma sai jami'a ta shiga shirin haɗin gwiwar SAP da jami'o'i, ta biya kuɗin shekara, ta horar da malami, sannan intanet ya yi awa 3 bai yanke ba. In ya yanke na minti 10, ƙungiya ta yi asarar kwana 10 na kasuwa.

Wannan ya kai mu ga raunin hanyar. Ɗakin kwamfuta yana rayuwa ne a kan wuta, da mai a janareta, da mutumin da ke riƙe da makulli ranar Asabar. Na taɓa shirya aikin awa 3, muka cinye awa ɗaya da rabi wajen girka manhaja a kwamfutocin da kowace da irin cutarta. Tazarar da ke tsakanin ɗalibai ma ta fi fitowa fili a nan: ma'aikaciyar banki ta gama cikin minti 15 tana jira, Alhaji na neman inda fayil ɗin ya sauka, kuma ba zai ɗaga hannu ba don kada yara su gani. Ba tare da mataimaki ɗaya ga kowane mutum 15 ko 20 ba, malami zai koma mai gyaran kwamfuta. Sannan abin da aka koya yana tsufa. Maɓallan da ka nuna bana, baɗi an sauya musu wuri. In ba a yi hattara ba, kwas ɗin digiri na biyu ya rikiɗe ya zama irin horon da ake yi a shagon kwamfuta na bakin titi, ɗalibi ya iya dannawa amma bai san me ya sa kamfani zai kashe miliyoyi a kai ba.

Ana iya rage tsadar sosai. SQLite, rumbun bayanai na koyon SQL, kyauta ne, ƙarami ne, yana aiki ba intanet. Odoo da ERPNext suna da nau'in kyauta da ya isa a nuna tafiyar oda daga saye zuwa biya. Power BI na tebur, manhajar haɗa rahoto daga bayanai, ba a biya. Akwai ma wasan rarraba kaya da aka ƙirƙiro a MIT tun shekarun 1960, wanda takarda da ƙwayar wake kawai yake buƙata: dillali, babban dillali, mai rarrabawa da masana'anta, kowa na yin oda ba tare da ya ga abin da ke hannun ɗan'uwansa ba, sai ƙaramin canji a kasuwa ya zama tulin kaya a sito. Asalinsa da akwatunan giya ake yi. Ni buhunan sukari nake sawa, 'yan kasuwar Singa da ke ajin kuma su ne ke fara gane abin da ke faruwa, don sun sha gani.

Batun maki ya canza tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Rubutaccen nazarin kes da ake kaiwa gida, musamman na shahararren kamfani, yanzu minti 2 ne. Tambayar SQL ma na'urar na amsawa. Don haka duk hanyar da aka bi, makin da za a yarda da shi shi ne na abin da aka yi a gaban malami. A nan aikin hannu ya fi sauƙin aunawa: ko lambar ta fito daidai ko ba ta fito ba, babu gardama. Makin muhawara kuwa yana jawo ƙorafi, kuma a jami'o'in da jarrabawar ƙarshe ke ɗauke da kashi 60 ko 70, ɗan abin da ya rage bai isa ya tilasta wa kowa karatu ba. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce gajeriyar tambaya ta minti 10 a farkon aji a kan kes ɗin ranar, sannan jarrabawar ƙarshe ita kanta ta zama sabon kes gajere da za a karanta a zauren.

To wanne za a ɗauka? Ni ina duba abin da mutumin zai yi da ilimin. Ɗan MBA ba shi zai girka manhaja ba. Shi zai sa hannu a kwangilar, shi zai amince da kasafin, shi zai ce a kunna ko a dakata, shi kuma za a kira in ta lalace. A 2003 Nicholas Carr ya tayar da ƙura a mujallar Harvard Business Review da cewa fasahar bayanai ta zama kamar wutar lantarki, kowa na iya saya, don haka ba ta ba kamfani fifiko. An yi masa ca, amma ko masu sukarsa sun tsaya ne a kan cewa bambancin na wurin yadda ake tafiyar da ita. Duk bankunanmu suna da manhaja, ba duka ne ke jure wa ranar biyan albashi ba. Saboda haka a wurina kes ne ƙashin baya. Sai dai ba na fara shi sai hannu ya taɓa na'ura, domin muhawarar wanda bai taɓa ganin teburin bayanai ba iska ce.

Raba lokaci biyu daidai kuwa ban ga amfaninsa ba, taura biyu ba ta taunuwa. A mako 13, nakan ba aikin hannu 4 a farko: biyu na Excel da bayanai masu datti da gangan, ɗaya na SQL, ɗaya na bin oda a ERP. Sai kes 7, a ciki aƙalla 3 na gida. Biyun ƙarshe na ɗalibai ne, kowace ƙungiya ta kawo matsalar bayanai daga wurin aikin ɗaya daga cikinsu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sharaɗi a nan shi ne a cire sunaye da lambobin asusu da duk abin da zai nuna mutum. Akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma ma'aikacin banki na iya rasa aikinsa a kan fayil ɗaya.

Akwai yanayin da zan juya lissafin. In ajin matasa ne da suka zo kai tsaye daga hidimar ƙasa, ba su taɓa zama a taron kasafi ba, kes zai zame musu tatsuniya, ba su da abin da za su kawo. Su aikin hannu ya fi yi wa amfani, shi ne ma zai sama musu aiki: mako 8 a na'ura, kes 4 gajeru. In shirin na masu ƙwarewa ne a nazarin bayanai ko lissafi, haka nan. In ajin manyan shugabanni ne na ƙarshen mako, zama 2 a kwamfuta ya isa, kuma a haɗa kowane babba da ƙarami a na'ura ɗaya don a rufa wa juna asiri. In aji ya haura mutum 100 kuma babu mataimaki, duka hanyoyin biyu za su sha wuya. Abin da ya rage shi ne gajerun kes masu shafi 2 da za a karanta a cikin aji, a tattauna a ƙungiyoyin mutum 6, aikin kwamfuta kuma ya koma gida da bidiyon da malami ya ɗauka ya tura ta WhatsApp.

Malamin kansa ma yana cikin lissafi. Wanda ya fito daga kimiyyar kwamfuta, kafin ya ɗauki kes 7 ya je ya zauna a ajin abokin aikinsa na sashen gudanarwa ya ga yadda ake jefa tambaya a yi shiru a jira. Wanda ya fito daga gudanarwa ya nemi wani daga sashen kwamfuta ya riƙe masa makonnin farko, shi ma ya zauna a benci ya yi aikin tare da ɗalibai. Kafin zango ya fara kuma, ya je ɗakin kwamfutar ranar Asabar, a daidai awar da za a yi ajin, ya kunna na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga nawa ne suka tashi, ya tambayi wa ke sayen man janareta. Amsar da ya samu a ranar ita za ta gaya masa ko makonni 4 ɗin nan a ɗakin makaranta za a yi su, ko kowa ya zo da tasa kwamfutar da cajinta a cike.